Ruwan Wanke Hannu na Gidan Sada

Gonar gidan Sada tana bayan Tsamiyar Kwari, wani ƙauye da ke gefen hanyar Zango idan ka baro Daura. Dawa ake nomawa a cikinta, da gero, da ɗan gyaɗa a gefen tudu. Marigayi Sada ne ya saye ta, kuma duk wanda ya tambayi 'yan gidan inda ya samu halin sayen gona mai wannan girma, amsa ɗaya yake samu: Baba ya yi sana'ar ruwa.

Jikokinsa sun tashi suna ɗaukan ɗan ga-ruwa ne. Madina har ta taɓa rubuta insha'i a firamare a kan kakanta da ya ɗauki garwa a kafaɗa har Allah Ya arzuta shi, malamin ya karanta wa aji, wasu yara suka yi hawaye. Ubanta, Alhaji Lawal, ya ji labarin insha'in, ya ce Allah Ya yi mata albarka, bai gyara ko harafi ɗaya ba.

Gaskiyar ita ce giya Sada ya dafa. Shi da matarsa, wadda yanzu kowa ke kira Iya, suna da tukwane a wata bukka can bayan gari, direbobin manyan motoci masu ƙetarawa Nijar su ne masu ciniki. Da gona ta samu, ya je Makka, ya dawo ya farfasa tukwanen, ya gina masallaci a ƙofar gida. Dattawan gari sun san komai, amma yawancinsu sun taɓa zama a bukkar, saboda haka aka taru aka manta.

Alhaji Lawal ya gaji gonar da masallacin. Mutum ne na sahun gaba, mai farar riga da tsabtataccen gemu, yana turke bijimai ya kai kasuwar Mai'adua. Damuwarsa ɗaya a duniya ita ce ɗansa Zakiyyu, wanda ya karanta ilimin haɗa sinadarai a jami'a, ya dawo gida da kwali, ya zauna gindin darbejiya yana jiran aikin gwamnati. Mutanen gari suna kiransa Dakta. Ko ciwon kai bai iya magani ba.

Sai korona ta zo. Aka rufe iyaka, aka rufe kasuwanni, dawa ta zauna a rumbu ƙwari suna walima. Rediyo kuma ba ta da magana sai a wanke hannu, a shafa sanitaiza. Sanitaizar kuwa ta yi wuyar samu, ko a Daura sai mai hanya.

Zakiyyu ya samu ubansa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa.

"Baba, abin nan da ake nema ido rufe, zan iya yin sa da dawar da ke rumbunmu."

"Da dawa?"

"Da dawa. Akwai wani sinadari da ake tatsa daga cikinta, shi ne ke kashe ƙwayar cutar."

"Mene ne sunansa?"

"Itanol, Baba."

"Da Hausa fa?"

Zakiyyu ya sosa ƙeya, ya dubi tabarma. "Kusan a ce ba shi da Hausa."

Alhaji Lawal ya daɗe yana jan carbi. Ɗan Sada ne, ya san abin da ke fita daga jikin dawa idan aka matsa mata. Amma ya tuna rumbu, ya tuna darbejiya.

"To," ya ce, "a bar shi da Turancinsa."

Kayan aiki a shagon Sylvanus aka samo su, wani ɗan kasuwa daga kudu mai sayar da kayan gyaran babur da mota a Zango. Ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Da Zakiyyu ya zana masa abin da yake so, durom mai murfi da dogon bututun jan ƙarfe naɗaɗɗe wanda zai bi ta cikin ruwan sanyi, sai Sylvanus ya cire tabarau ya dube shi.

"Dakta, wannan bututun mun san shi a garinmu."

"Na wanke hannu ne, Oga."

"Mu ma haka muke ce wa 'yan sanda. Ni dai zan ba ka shawara kyauta: in ka tatsa, ka zuba masa wani abin da zai hana shi wucewa ta maƙogwaro."

"Haba Oga, nan fa garin Musulmi ne."

Sylvanus ya mai da tabaransa. "Na sani. A nan nake da zama."

Aka kafa durom a tsohuwar rumfar awaki da ke bakin gona. Gwajin farko ya ba da wani abu mai kama da kunun da ya kwana, na biyu ko awaki sun ƙi shi. Ana cikin na uku sai ga Iya ta dogaro sanda, tana shaƙar iska kamar mai bin sawun wani tsohon sani. Ta sa hannu cikin jiƙon dawar, ta murza, ta yi tsaki.

"Angona, wa ya ce maka haka ake yi? Ai sai ta yi tsiro tukuna. A shanya, a niƙa, a dafa, a rufe ta a ba ta kwanakinta."

"Iya, ina kika san wannan?"

"Kai dai kawo buhu."

Zakiyyu ya tsaya da buhu a hannu. A wannan tsayuwar ya fahimci irin ruwan da kakansa ya sayar, kuma da yake yaro ne mai tarbiyya, sai kawai ya miƙa mata buhun. Iya ta kai shi har inda iliminta ya tsaya, shi kuma ya ɗora daga nan: ya hura wuta ƙarƙashin durom, tururi ya bi bututu, ya fito ta ɗaya bakin yana ɗiga, fari tas kamar ruwan sama. Iya ta tara yatsa, ta kai hanci, sai da ta ja baya.

"La'ilaha illallahu! Mu a zamaninmu ba mu kai nan ba. Lallai boko ta yi rana."

Madina ce ta karɓi sayarwa. Ita ke ɗurawa a ƙananan robobi, ta ɗiga ƙamshin lemon tsami, ta miƙa ta tagar shagon da aka buɗe a jikin zaure. Aka buga takarda aka manna: Sada da 'Ya'ya, Masu Ruwan Wanke Hannu. Alhaji Lawal ya kai kwali guda asibitin gari kyauta, ya ajiye roba a ƙofar masallaci. Liman ya yi masa addu'a da suna a ranar Juma'a.

Da farko ciniki kadaran-kadahan ne. Mutanen Tsamiyar Kwari ba su yarda akwai korona ba, sun ce ciwon masu hawa jirgi ne. Wanda ya fara canza ra'ayi shi ne Malam Kalilu, tsohon hedimasta, shugaban kwamitin dattawa masu gyaran tarbiyya, mutumin da ya sa aka rufe gidan kallon ƙwallo saboda yana ɓata yara. Ya sayi roba ɗaya ranar Talata. Ranar Laraba ya dawo fuskarsa a sake.

"'Yata, babu babbar roba? Iyalin nawa da yawa."

Madina ta ba shi babba.

"Kuma in da hali, a ba ni wanda ba a sa wa lemon nan ba. Fatata ba ta son ƙamshi."

Kafin wata ya ƙare, fatar rabin magidantan garin ta daina son ƙamshi. Tsafta ta sauka a Tsamiyar Kwari kamar ruwan Agusta. Mutanen da ba a taɓa ganin sun wanke hannu kafin tuwo ba suka koma yawo da roba a aljihun gaba. Majalisar gindin tsamiya, wadda da ba a jin komai a cikinta sai tari da maganar tsadar taki, ta koma wurin dariya da waƙe-waƙen da aka daina yi tun zamanin soja. Wasu dattawa biyu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji a kan iyakar gona suka rungumi juna suna kuka, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ɗauki gonar duka. Washegari suka koma kotu.

Gona ma ta ci moriya. Dusar da ke saura bayan an tatsa, bijimai ake zuba wa. Suka yi ƙiba har tozonsu na rinjaya, suka yi sanyin hali, sai ka ga sa ya jingina da katanga ya lumshe ido kamar mai sauraren wa'azi. Da aka buɗe kasuwar Mai'adua, dillalai suka yi ta tambayar Alhaji Lawal sirrin kiwonsa. Ya ce musu addu'a ce da kulawa.

Sannu a hankali korona ta ja baya. Aka buɗe makarantu, aka daina maganarta a rediyo, takunkumi ya koma bakin jakai inda aka aro shi. A ko'ina cinikin sanitaiza ya mutu, ban da Tsamiyar Kwari, inda sai da aka ƙara durom na biyu.

Madina ta samu ubanta.

"Baba, mutanen nan fa ba hannu suke wankewa ba."

"Me suke wankewa?"

"Hanji."

"Kin ga wani ya sha da idonki?"

"Ban gani ba. Amma jiya Malam Kalilu ya gai da turmi, har ya tambaye shi mutanen gida."

"Tsufa ne. A daina yi wa bayin Allah mummunan zato."

Duk da haka maganar ta tsaya masa a rai, ya sa aka sake buga takardar jikin roba, aka rubuta da manyan baƙaƙe, da boko da ajami: BA NA SHA BA NE. Wannan rubutu ya yi aiki ƙwarai. Duk waɗanda ba su san ana sha ba, a ranar suka sani.

Zakiyyu ya koma wurin Sylvanus da fuska a murtuke. Sylvanus bai ce ai na faɗa maka ba, sai dai ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. Da ya gama, ya ce a nemi abu mafi ɗaci a ƙasar nan a zuba. Zakiyyu ya sa aka sassaƙo ɓawon maɗaci, aka jiƙa a ciki har ruwan ya koma ja, ya ɗanɗana a harshe, sai da ya wuni yana tofar da yawu. Ya ce yanzu kam an gama.

Malam Kalilu ne ya fara sayen sabon. Ya ɗaga robar ya duba a rana, ya buɗe ya shinshina, sai fuskarsa ta cika da girmamawa.

"Maɗaci! Allah Ya yi wa Dakta albarka. Ashe yaron nan ya san ciwon da ke damunmu."

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa gidan Sada sun fito da maganin basir da shawara da ciwon baya. Da a ɓoye ake kurɓa, yanzu kuwa magani ne, sai a fito da shi a bainar jama'a, a yi bisimilla, a yatsina fuska, a ce kai, ciwo bai yi ba. 'Yan acaɓa suka riƙa zuwa daga Zango da Mai'adua, har daga ƙetaren iyaka, suna ɗaure kwalaye a bayan babur.

Da surutu ya yi yawa, matan gari suka fara ƙorafi, sai kwamitin dattawa ya ce zai yi bincike. Suka zo rumfar su biyar, Malam Kalilu a gaba, suka zagaya durom suna gyaɗa kai. Suka ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba, don haka kowa ya tafi da roba ya yi nazari a gida. Bayan mako suka dawo suka ce nazarin bai kammala ba. Sai da aka yi wata biyu ana nazari, sannan suka ba da sanarwa cewa ruwan gidan Sada halas ne ga hannu, abin da hannu ya yi da shi daga baya kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Alhaji Lawal ya ji daɗin wannan hukunci, ya yanka wa kwamitin rago.

Abin ya zo ƙarshe ne wata ranar kasuwar Zango. Malam Kalilu yana dawowa a kan babur, ya hangi gada ta zama biyu, ya zaɓi wadda babu. Aka ciro shi daga kwalbati da karaya a cinya.

Washegari da hantsi, Alhaji Lawal na zaune a ƙofar gida tare da mutane, sai ga Raihana matar Malam Kalilu. Mace ce da ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Ta zo da buhu a ka, ta sauke, ta zazzage shi a gaban tabarmar Alhaji. Robobi ne wayam, suka yi ta gangarawa har ƙarƙashin ƙafafun mutane.

"Alhaji, ina kwana. Na kawo muku kayanku."

"Subhanallahi. Malama, ai da kin shiga ciki wurin mata."

"Ba wurin mata na zo ba, ba su suka sayar masa ba. A bayan buhunan gero na samo waɗannan, geron kuma babu shi, ya bi su. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai bana. Jiya na wanke masa jiki da za a ɗora ƙafar. Alhaji, wallahi hannunsa ya fi ko'ina datti."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mai da ita tari.

"Kowa a nan ya san abin da ke cikin robar nan," in ji ta. "Kai ma ka sani. Ni dai ban iya Turanci ba, giya nake ce mata."

Ta naɗe buhunta ta tafi. Mutanen da ke zaune suka tuna da uzurori iri-iri, ɗaya bayan ɗaya suka zame, wasu na dafe aljihun gaba kada ya yi ƙara.

Alhaji Lawal ya zauna shi kaɗai a tsakiyar robobi, kowace da sunan ubansa a jiki. Ba faɗan ne ya dame shi ba. Kalmar ce, da aka faɗe ta da Hausa a ƙofar masallacin gidansu, a gaban jama'a. Ya tashi ya shiga gida, ya ɗauko gatari, ya nufi gona.

Zakiyyu na cikin hura wuta ya ga ubansa. Ya sha gabansa.

"Baba, don Allah! Wannan ne kaɗai aikin da na taɓa yi da karatuna. Ni ban taɓa ce wa kowa ya sha ba."

"Ni ma ban taɓa tambaya ba. Ni da kai duk mun iya aikinmu. Matsa."

Ya sassare bututun, ya huda durom biyun, ruwan ya malala cikin kunyoyin gyaɗa. Zakiyyu ya zauna a kan turmi ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Iya, da ta biyo Alhaji a hankali, ta tsaya tana kallon ƙasa na shanyewa.

"An yi daidai," ta ce. "Amma dai an yi ɓarna."

Alhaji Lawal ya zaci gari zai yaba masa. Da yamma kuwa sai ga wakilan kwamiti, suka roƙe shi ya dubi halin da marasa lafiya za su shiga, suka ce an ji a rediyo wata sabuwar cuta na tafe. Ya ce a nemi sabulu. Suka tashi ba sallama.

Daga ranar gari ya tuna da tarihi. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna mantuwa suka farfaɗo, kowa ya tuna inda bukkar Sada take da yawan tukwanenta. Aka riƙa cewa ai gidan 'yan giya ne tun asali, Allah Ya kiyaye zuri'armu. Aka daina ba Alhaji Lawal wuri a sahun gaba. Lokacin da yake sayarwa sunansa Alhaji mai taimakon al'umma, da ya daina ya zama ɗan mai giya. Bijimai ma suka juya masa baya: suka ƙi dusar gero, suka rame, ɗaya ya tunkuyi dillali a Mai'adua. Mutum ɗaya ce ta aiko da godiya, Raihana, da zakara da ƙwaryar ƙwai.

Ana nan, bayan kaka, sai ga mota daga birni. Wata ƙungiya ce mai wayar da kai a kan tsafta, ta ji labarin ƙauyen da ya fi kowane ƙauye a yankin amfani da ruwan wanke hannu, ta zo ba da lambar yabo. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Baƙin suka nemi wani dattijo ya yi bayani a madadin gari, aka ɗauko Malam Kalilu da sandunansa. Ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan muhimmancin tsafta, ya ce shi kansa ba ya iya barci sai ya wanke hannu, ya roƙi hukuma ta taimaka a farfaɗo da wannan masana'anta. Jama'a suka yi tafi har da kabbara.

Aka kira Alhaji Lawal ya karɓi allon yabo. Shugabar baƙin ta tambaye shi sirrin wannan nasara. Ya dubi allon, ya dubi mutanen garinsu da suka zuba masa ido, kowa na roƙonsa da ƙwayar ido kada ya yi Hausa.

"Haɗin kai ne," ya ce. "Kowa ya ba da gudummawarsa."

Allon yana ɗakin Iya yanzu, tana rufe tulu da shi, ta ce ya fi faifai hana ƙura. Gonar na nan, ana noma dawa ana sayar da ita dawa. Zakiyyu ya yi fushi na wata biyu, sannan Sylvanus ya haɗa shi da wani mai kawo sinadarai daga Kano, ya koma haɗa sabulun ruwa a rumfar awakin, Madina na sayarwa ta tagar nan. Cinikin ba shi da yawa, mata ne kawai ke saye, kuma har yau ba a samu wanda ya sha ba.